Yadda ake haɗa gajeren bidiyon aiki wanda abokan aikinka za su kalla har ƙarshe

Karo na uku ke nan a mako guda da wani ya tsaya a bakin teburinka da tambaya iri ɗaya: ta ina ake shigar da buƙatar hutu a sabuwar manhajar ofis? Ka riga ka rubuta bayanin a imel, mataki goma sha ɗaya, kowanne da lambarsa, ka tura wa kowa. Ba wanda ya wuce na huɗu. Wanda ya daure ya karanta ma ya maƙale a inda ka ce a danna maɓallin da ke gefen dama, domin a gefen daman nan maɓallai uku ne. Da ka ɗauki allon kwamfutarka na minti biyu, kana dannawa kana bayani, da tuni an wuce wurin. Gani ya kori ji.

Da yawa daga cikinmu har yanzu muna yi wa bidiyo kallon aikin masu kyamara da fitilu. A da haka abin yake, amma kayan aikin sun daɗe da shigowa aljihun kowa. Tun 2017 wayoyin iPhone suke iya ɗaukar allonsu da kansu, Mac ta samu gajeriyar hanyarta a 2018, Android kuma ta shigo da nata a siga ta 11 a 2020, shekarar da korona ta mayar da ofisoshi da yawa cikin gidaje. A 2023 kamfanin Atlassian ya sayi Loom, manhajar da aikinta kawai tura gajerun bidiyoyin aiki ne, a kan dala miliyan 975. Ba a zuba irin wannan kuɗi a kan abin da ba a amfani da shi.

Abin da nake so ka riƙe kafin mu shiga matakan shi ne, bidiyon ofis saƙo ne, ba fim ba. Ɗan'uwan imel ne da kiran waya. Ba wanda zai yaba maka kyawun hoto idan bai gane abin da kake so ya yi ba.

Mataki na farko: ka tabbata maganar ta bidiyo ce

Wannan matakin ake yawan tsallakewa, musamman wanda ya koyi abin kwanan nan kuma yake ɗokinsa. Bidiyo yana da amfani a inda akwai motsi ko tsari da ido zai bi: inda ake dannawa a manhaja, yadda ake kwance wani sashe na inji, ƙarar da na'ura take yi idan ta fara ɓaci, zagaya mutum cikin zanen gini ko jadawalin lissafi kana nuna masa inda matsala take. Haka nan bayanin miƙa aiki idan za ka tafi hutu, da saƙo ga waɗanda lokacin aikinku bai zo ɗaya ba, ko don suna aikin dare ko don suna wata ƙasa.

Akwai kuma inda rubutu ya fi shi nesa ba kusa ba. Lambobi, ranaku, adireshi, ƙa'idar da mutum zai dawo ya duba bayan wata uku, duk waɗannan a rubuta su. Mai neman lamba ɗaya zai gano ta a rubutu cikin ƙiftawar ido, a bidiyo kuwa sai ya yi ta jan layi gaba da baya yana tsaki. Abin da ke buƙatar ka-ce-na-ce har a cim ma matsaya, a kira taro ko a ɗaga waya. Batun albashi, ladabtarwa, ko ƙorafi a kan wani, kada ka kuskura ka naɗe shi. Magana zarar bunu ce, ballantana wadda aka naɗa da fuskarka da muryarka, ana iya tura ta ga wanda ba ka taɓa zato ba.

Ka kuma yi ɗan lissafi. Bidiyon minti biyar da ka tura wa mutum ashirin ya ci wa ma'aikatarku minti 100. Idan kai ne kawai ya sauƙaƙa wa, saboda ƙyuyar rubutu, su kuwa ya ƙara musu aiki, to gara ka zauna ka rubuta layi huɗu.

Mataki na biyu: mutum ɗaya, magana ɗaya

Kafin ka taɓa kyamara, ɗauki takarda ka amsa tambayoyi uku. Wa zai kalla? Me ya riga ya sani? Me nake so ya yi idan ya gama? Ko da mutum talatin za ka tura wa, ka sa ɗaya daga cikinsu a ranka, zai fi kyau wanda ya fi kowa sabunta a wurin, ka yi magana da shi. Wanda ke yi wa "kowa da kowa" magana muryarsa takan koma ta mai karanta sanarwa.

Daga nan ka rubuta kanun abin da za ka faɗa, layi uku zuwa biyar. Ban ba ka shawarar rubuta kowace kalma ba, domin mai kallo yana gane karatu nan take: ido na yawo, murya ba hawa ba sauka. Jimla biyu ne kawai nake rubutawa cikakku, ta buɗewa da ta rufewa, saboda a nan ne mutum ya fi kame-kame. Ta buɗewar ta faɗi batun da tsawon lokacin cikin daƙiƙa goma. Ga shugabanka, misali: "Yallaɓai, barka da aiki. Minti biyu zan ɗauka in nuna maka inda lissafin wata na uku ya saɓa da na banki, sannan in nemi izininka a kan gyara ɗaya." Ga abokan aiki: "Jama'a, sannunku da aiki, ga yadda ake shigar da buƙatar hutu, ba zai kai minti uku ba." Gaisuwa ba a barinta, amma a taƙaita, kada rabin minti ya tafi a tambayar gida da gajiya. Ta rufewar kuma ta faɗi abin da ake jira daga mai kallo da ranar da ake jiransa.

Game da tsawo, wani bincike da Philip Guo da abokan aikinsa suka fitar a 2014, bayan sun duba kallo kusan miliyan 6.9 na bidiyoyin karatu a dandalin edX, ya nuna cewa ɗalibai ba su cika wuce minti shida suna kallo ba, komai tsawon bidiyon. Waɗannan fa mutane ne da suka yi rajista da kansu don su koya. Abokin aikinka da saƙonni ke jiransa bai kai su haƙuri ba. Ni nakan tsaya tsakanin minti ɗaya da uku ga saƙo, biyar ga koyarwa. Idan abin ya ƙi shiga, alama ce maganar biyu ce, sai a raba ta gida biyu.

Mataki na uku: murya kafin hoto

A nan zan daɗe, don a nan yawancin bidiyoyin ofis suke mutuwa. Mutum zai jure hoto mai ɗan dushewa, amma ba zai jure muryar da ke fitowa kamar daga cikin rijiya ba.

Babban sirrin shi ne kusanci. Duk lokacin da tazarar da ke tsakanin bakinka da makirufo ta ninka, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yakan ragu da kimanin desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, alhali hayaniyar ɗaki tana nan yadda take. Shi ya sa makirufon da ke jikin wayar sauraro ta kunne, wadda ba a ɗauke ta a bakin komai ba, yakan fi na jikin kwamfuta da ke nesa da bakinka. Ka sa shi kusa da baki kamar taƙi ɗaya, ɗan gefe kaɗan don kada iskar "fa" da "ba" ta riƙa bugunsa, kuma ka lura kada ya riƙa gogar riga. Idan aikin zai yawaita, ƙaramin makirufon maƙalawa a wuyan riga ya isa, ba sai ka nemi na gidan rediyo ba.

Sai ɗakin. Babban ɗakin taro mai tayil da gilasai, wanda kowa ke gudu zuwa cikinsa don ya fi kyan gani, shi ne ya fi kowanne amsa-kuwwa. Ƙaramin ɗaki mai labule, da darduma, da kantar littattafai ya fi shi, domin abubuwa masu laushi suna shanye sauti. Tafa hannu sau ɗaya ka saurara: idan ƙarar ta yi jela, canza wuri. Kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki na 'yan mintocin nan. Kunnenka ya saba da gunjinsu har ba ya ji, makirufo kuwa bai san sabo ba.

Kada ka fara ɗauka ta gaske sai ka yi gwajin daƙiƙa goma ka saurara da abin kunne. Na taɓa yin bayanin minti bakwai, mai kyau kuwa, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, ina gamawa na tarar manhajar ba ta zaɓi makirufo ba tun farko. Bakina na motsi kawai kamar kifi a ruwa. Tun daga ranar ban sake tsallake gwaji ba.

Mataki na huɗu: haske da zaman kyamara

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Ka fuskanci taga, kada ka ba ta baya, in ba haka ba inuwa kawai za a gani. Ɗaga kyamarar ta yi daidai da idonka, ko da littattafai za ka jera a ƙarƙashin kwamfutar, don kada a riƙa kallon cikin hancinka da silin. Goge idon kyamarar waya da tsumma mai laushi, yawancin hazon da ake ɗora wa waya laifinsa maiƙon yatsa ne. Idan a kwamfuta za a kalla, ka kwantar da wayar a ɗauka a faɗi, wato 16:9. Idan ma'aikatan da ke fili ne za su kalla a wayoyinsu, a tsaye ya fi, 9:16. Saita ingancin a 1080p, hoto 30 a daƙiƙa. Ingancin 4K, wanda ya fi wannan girma, ba abin da zai ƙara wa bayaninka sai nauyi. Ka kuma waiga bayanka: allon ofis mai ɗauke da sunayen abokan ciniki ko takardar da aka manna a bango na iya shiga hoton ba ka sani ba.

Fuskarka ba dole ba ce ta fito. A bidiyon nuna manhaja, allo da murya sun wadatar. Amma idan labari ne mai nauyi, kamar sauyin tsarin aiki, ko kana gabatar da kanka ga sabuwar tawaga, a ga fuska ya fi.

Mataki na biyar: share allo kafin ka ɗauke shi

Mafi yawan bidiyon ofis ɗaukar allo ne, kuma a nan ake jin kunya. Duk abin da ke kan allonka zai shiga: shafukan da ka buɗe a burauza, sunayen fayilolin da ke zube, da saƙon da zai faɗo daga sama kana tsakiyar bayani. Wani abokin aikina ya taɓa tura wa sashe guda bidiyo, a minti na biyu saƙon wani ya faɗo yana gulmar shugabansu, da sunan mai turowar ɓaro-ɓaro. Bai kalli abin da ya ɗauka ba kafin ya tura. An daɗe ana gyaran wannan ɓarnar.

Don haka ka rufe duk abin da ba ka buƙata, ka kunna yanayin hana sanarwa shigowa a kwamfuta da waya, ka zaɓi ɗaukar taga ɗaya maimakon allo gaba ɗaya idan manhajar ta ba da dama. Bayanan mutane na gaske, irin su lambar asusu, lambar waya, bayanin lafiya ko albashi, kada su fito. Ƙirƙiri na gwaji ka yi amfani da su. Ba kunya kaɗai ake gudu ba, ƙasashe da dama suna da dokar kare bayanan mutane, kamar GDPR da ta fara aiki a Tarayyar Turai a 2018. Ka shiga asusunka tun kafin ka fara ɗauka, kada a ga kana buga kalmar sirri. Sannan ka ƙara girman rubutun burauza zuwa kashi 125 ko 150, saboda mai kallo a waya.

Kayan ɗaukar suna cikin na'urarka. A Windows, danna maɓallin Windows da Alt da R tare, zai fara ɗaukar manhajar da kake ciki, sai dai wannan hanyar ba ta ɗaukar fuskar kwamfuta ta farko ko wurin duba fayiloli. Windows 11 tana da Snipping Tool wanda ke ba ka damar zaɓar yankin allon da kake so ka ɗauka. A Mac, Shift da Command da 5, sannan ka shiga zaɓuɓɓuka ka kunna makirufo. A iPhone maɓallin yana cikin Control Center, wato allon gajerun maɓallai, ka danne shi ka riƙe sai wurin kunna makirufo ya fito. A Android, jawo saman allo ƙasa ka duba cikin gajerun maɓallai. PowerPoint ma yana naɗar murya a kan kowane shafi ya fitar maka da bidiyo, kuma daɗinsa idan ka yi kuskure shafi ɗaya kawai za ka sake. Mai son iko sosai a kan abin da yake ɗauka, OBS Studio kyauta ce, amma tana buƙatar zama a koya.

Mataki na shida: ɗauka

Danna, ka ƙirga uku a zuci, sannan ka fara. Idan fuskarka na ciki, kalli idon kyamara, ba hotonka da ke kan allo ba. Yi magana kamar mutumin yana zaune gefenka, da ɗan ƙarin kuzari, don kyamara tana rage wa murya armashi.

A ɗaukar allo, ka faɗi abin da za ka danna kafin ka danna shi, da sunansa da inda yake: "yanzu zan danna koren maɓallin da ke sama ta hannun dama". Kai ka san hanyar, hannunka zai so ya yi gudu. Tsayar da shi. Kada ka riƙa kaɗa kibiyar linzami a allo kana magana, idon mai kallo binta yake yi duk inda ta nufa. Kai ta inda kake so a duba, ka bar ta nan.

Idan harshe ya sarƙe, kada ka tsayar da ɗaukar ka koma farko. Yi shiru na daƙiƙa biyu, ka tafa sau ɗaya, ka maimaita jimlar. Tafin zai fito kamar tsini a layin sauti, da shi za ka gane wurin yankewa. Ƙananan "am" da "to" kuwa a bar su, haka mutane suke magana. Na sa wa kaina doka: ba na wuce ɗauka uku. Na lura ta huɗu da ta biyar ba sa fin ta biyu kyau, murya ce kawai take ƙara mutuwa, ga awa guda ta tafi a kan saƙon minti biyu.

Idan abu kake ɗauka a fili, inji ko kaya a sito, riƙe wayar da hannu biyu, gwiwar hannu manne da jiki. Fara daga nesa a ga inda abin yake, sannan ka taka ka matsa kusa maimakon jawo hoton da yatsa, ka tsaya cak a kan wurin matsalar na daƙiƙa biyar. Duk wanda zai fito a ciki, a tambaye shi tukuna.

Mataki na bakwai: tacewa, kaɗan kawai

Yanke farkon da kake gyara zama, da ƙarshen da kake laluben maɓallin tsayarwa, da wuraren tafin nan, da inda shafi ya tsaya yana lodi. Shi ke nan. Clipchamp, wanda Microsoft ta saya a 2021 kuma yake zuwa da Windows 11, ya isa wannan aikin, haka iMovie ga masu Mac, har manhajar hotuna ta waya tana datse farko da ƙarshe. Kiɗa, da rubutu mai tsalle-tsalle, da tambarin da ke juyawa na daƙiƙa goma, duk a bar wa masu talla. Kafin ka ɗora bidiyon aiki a wata manhajar tacewa ta intanet, ka tambayi sashen kwamfuta ko an yarda, domin fayil ɗin fita yake yi daga hannun ma'aikata.

Abin da ya cancanci ɓata lokaci shi ne rubutun ƙasan allo. Akwai mai kallo a ofis mai cunkoso da ba zai kunna sauti ba, akwai mai matsalar ji, akwai wanda harshen da ka yi magana da shi ba nasa ba ne. Manhajoji da yawa suna rubutawa da kansu, amma sukan kwafsa a sunayen mutane, da lambobi, da kalmomin sana'a, kuma idan kana cakuɗa harsuna biyu abin yakan rikice musu. Bi layi-layi ka gyara. Daga nan ka kalli bidiyon daga farko har ƙarshe, sau ɗaya, idonka a kan kusurwoyin allo.

Mataki na takwas: turawa

Fitar da shi a MP4, shi ne kusan kowace na'ura take buɗewa. Ga lissafin nauyi: bidiyon da ke cin megabit 8 a daƙiƙa yana cin megabait 1 ke nan a daƙiƙa (megabit 8 ne ke yin megabait 1), wato 60 a minti. Gmail kuwa ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a maƙale, don haka ko rabin minti ba zai shiga ba. Idan nauyin ya dame ka, ko ka san masu kallo suna tattalin data, HandBrake kyauta ce, tana matse fayil sosai, kuma 720p ya wadatar idan rubutun allo manya ne.

Hanya mafi tsafta ita ce ka ɗora a ma'ajiyar da ma'aikatarku take amfani da ita, Google Drive ko OneDrive ko makamancinsu, ka tura mahaɗin. Duba izini da kyau: waɗanda ka ambata ne kawai za su buɗe, ko duk ma'aikata, ko duk wanda mahaɗin ya faɗa hannunsa? A YouTube, zaɓin Unlisted, mai ɓoye bidiyo daga masu bincike, ba sirri ba ne, duk mai mahaɗin zai kalla kuma zai iya tura wa wani. WhatsApp kuma yakan matse bidiyo har ƙananan rubutu su dushe, sai dai ka tura shi a matsayin fayil, kuma da zarar ya sauka a wayar mutum ya fita daga ikonka.

Ba wa fayil ɗin suna mai ma'ana da kwanan wata, kamar "Shigar da buƙatar hutu, Maris 2025", ba tarin lambobin da waya ta laƙaba masa ba. Kada kuma ka tura mahaɗi tsirara. Rubuta layi biyu ko uku tare da shi: batun, tsawonsa, abin da kake so a yi da ranar da kake so, da duk wata lamba ko kwanan wata da ka ambata a ciki. Idan wani ɓangare ne kawai ya shafi wani, ka ce masa ya fara daga minti 1:40. Kafin ka tura wa jama'a, ba mutum ɗaya ya gwada buɗewa, don ba abin da ke kashe saƙo irin mutum goma su dawo maka da "an ce ba ni da izini".

Bayan an tura

Bidiyon koyarwa yana tsufa. Ranar da aka sauya fasalin manhajar, koren maɓallin nan ya koma hagu, bidiyonka ya fara ɓatar da sababbin ma'aikata. Tara su a jaka guda, ka riƙa leƙawa duk bayan wata shida, wanda ya tsufa ka sake shi ko ka goge. Idan kuma bayan an kalla mutum biyu suka dawo da tambaya iri ɗaya, tambaye su a wane minti suka ɓace. Sau da yawa za ka tarar wurin da hannunka ya riga bakinka ne, ka danna abu ba ka faɗi sunansa ba. Wannan gaɓar kaɗai za ka sake ɗauka, ka maye gurbin tsohon fayil ɗin a inda yake don mahaɗin da ka riga ka raba ya ci gaba da aiki.